Liyon a Ƙafa: Titunan da Suka Yi wa Mamayar Jamus Turjiya

Birnin Liyon yana kudu maso gabashin Faransa, a inda kogin Saône yake haɗewa da kogin Rhône. Tsakanin kogunan biyu akwai wata siririyar ƙasa mai tsawo, nan ce zuciyar gari. Daga arewa tudun Croix-Rousse ya tokare ta, daga yamma kuma, a ƙetaren Saône, tsohon gari ne kwance a gindin tudun Fourvière. A ranar 14 ga Satumbar 1944, kwana goma sha ɗaya bayan ficewar sojojin Jamus, Janar Charles de Gaulle, jagoran Faransa Mai 'Yanci, ya tsaya a barandar majalisar birnin ya laƙaba masa sunan hedkwatar turjiyar Faransa, kuma sunan ya bi garin har yau. Mafi yawan wuraren da suka jawo masa wannan suna ana iya zaga su a ƙafa cikin yini guda. Tafiyar ƙafa ce ma ta fi nuna yadda lamarin ya kasance, domin maɗaba'ar sirri da ofishin masu azabtarwa da kurkuku duk ba su da wani nisa da juna. Masu farauta da waɗanda ake farauta titi ɗaya suke bi, tasha ɗaya suke hawa jirgi.

Dalilin da ya sa Liyon ta zama cibiya yana cikin yarjejeniyar tsagaita wuta ta 22 ga Yunin 1940. Bayan Jamus ta murƙushe sojojin Faransa cikin 'yan makonni, an raba ƙasar gida biyu. Arewa da gaɓar tekun Atlantika, har da Paris, suka koma hannun Jamusawa kai tsaye. Kudu aka bar wa gwamnatin Marshal Philippe Pétain, wadda ta zauna a garin Vichy tana haɗa kai da masu mamaya. Liyon ta faɗo a ɓangaren kudu, ga ta babban gari mai masana'antu da maɗaba'u da layukan dogo, ga iyakar Suwizalan a kusa. Nan da nan ta cika da 'yan gudun hijira: 'yan jarida daga Paris, malaman jami'a, hafsoshin da aka sallama, da Yahudawa masu neman mafaka. A cikin wannan cunkoso ƙungiyoyi uku suka yi ƙarfi: Combat ta Henri Frenay da Berty Albrecht, Libération ta Emmanuel d'Astier de la Vigerie wadda Lucie da Raymond Aubrac suke ciki, da Franc-Tireur ƙarƙashin Jean-Pierre Lévy. Wannan ɗan sarari bai daɗe ba. Ranar 11 ga Nuwambar 1942 sojojin Jamus suka kwararo kudu, tare da su 'yan sandan ciki na Gestapo, kuma wanda ya jagoranci farautar 'yan turjiya da Yahudawa a Liyon wani matashin hafsa ne mai suna Klaus Barbie, wanda bai kai shekara talatin ba a lokacin.

Wurin da ya fi dacewa a fara tafiyar shi ne saman Croix-Rousse, saboda daga nan gangara ce har tsakiyar gari. Unguwar masaƙan alharini ce tun ƙarni na 19, gidajenta dogaye ne masu manyan tagogi, an gina su ne domin masaƙa mai tsayi ta shiga ɗaki kuma haske ya wadata. Abin da ya fi shahara a nan shi ne hanyoyin da mutanen gari ke kira traboule. Mutum zai tura ƙofar da ba ta da bambanci da ta kowane gida, ya bi wani dogon soro mai duhu, ya faɗa tsakar gida, ya sauka matakala, ya sake bin wani soron, sai ya tsinci kansa a wani titi dabam. Kamar dai a shiga zauren wani gida a lungu, a ratsa, a ɓulla a wata unguwa. Masaƙa sun yi amfani da su wajen sauko da bandiran alharini zuwa wurin 'yan kasuwa. Akwai ɗaruruwansu a birnin, amma wajen arba'in ne kawai ake buɗe wa jama'a, tunda akwai mazauna a gidajen har yanzu, kuma ana son baƙo ya wuce ba hayaniya. Wadda ta fi suna ita ce Cour des Voraces a dandalin Colbert, mai matakalar dutse hawa shida da ke buɗe ga tsakar gida.

Masu yi wa baƙi jagora suna son labarin ɗan gwagwarmaya da ya shige traboule ya ɓace wa Bajamushe, kuma hakan ya faru. Sai dai babban amfaninsu ya fi wannan sanyi. A sorayen gidajen akwai jerin akwatunan wasiƙu, kuma yawancin gidajen Liyon ba su da mai gadin ƙofa irin na Paris da ke lura da shige da fice. Don haka ana iya maƙala sunan ƙarya a jikin akwati, ɗan aike ya jefa takarda ya fita ta ɗaya ƙofar, wani ya zo ya ɗauka ba tare da sun taɓa ganin juna ba. Kowace rana irin waɗannan 'yan aike, da yawansu 'yan mata ne da samari, suna bin akwati bayan akwati a ƙafa ko a kan keke. Kuma hanyoyin ba su kare kowa daga ɗan gari ba. Dakarun Milice, waɗanda gwamnatin Vichy ta kafa a Janairun 1943, Faransawa ne, sun san lungunan kamar yadda 'yan turjiya suka san su, shi ya sa aka fi jin tsoronsu a wasu lokuta fiye da Jamusawan.

A tsakiyar gangaren akwai titin René Leynaud. A zamanin yaƙi sunansa Vieille-Monnaie, kuma a nan Eugène Pons yake da maɗaba'arsa, inda ya riƙa buga jaridun ɓoye irin su Combat da Témoignage chrétien, wadda limamin Katolika Pierre Chaillet ya fara fitarwa a 1941 domin yaƙar aƙidar Nazi. An kama Pons a Mayun 1944, ya mutu a sansanin Neuengamme. Shi kuwa Leynaud da aka sa wa titin sunansa ɗan jarida ne, aminin marubuci Albert Camus, Jamusawa suka harbe shi a Yunin 1944. Kafin bindiga ta yawaita, takarda ce makamin wannan gwagwarmaya. Samun tawada da takarda a lokacin da komai sai da katin rabo, ɓoye ƙarar inji, ɗaukar akwatuna masu nauyi zuwa tasha a gaban masu bincike, duk aiki ne da ke kai mutum ga mutuwa. A ranar 31 ga Disambar 1943 'yan turjiya suka yi wani abu da har yau ake ba da labarinsa. Sun buga kwafi 25,000 na jabun Le Nouvelliste, jaridar da ke goyon bayan masu mamaya, da asuba suka bi rumfunan sayar da jaridu suka ce an hana fitowar ta yau, ga madadinta. Mutanen gari suka saya suka tarar da labaran da aka daɗe ana ɓoye musu.

A gindin tudun, dab da dandalin Terreaux, akwai ɗan siririn titin Sainte-Catherine. A gida mai lamba 12 akwai ofishin wata ƙungiya da ke raba wa Yahudawa tallafi da magani. Ranar 9 ga Fabrairun 1943, ranar rabo, mutanen Barbie suka shiga suka yi kwanton ɓauna, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai su riƙe shi. Mutum 86 aka kama, mafi yawansu kuma sun ƙare a sansanonin kisa. Cikinsu akwai Simon Badinter, wanda ɗansa Robert ya zama ministan shari'a na Faransa daga baya. Allon dutse a jikin bangon yana ɗauke da sunayensu. Irin waɗannan alluna suna ko'ina a Liyon, sau da yawa sama da kan mai tafiya, saboda haka sai mutum ya riƙa ɗaga kai.

Bayan ginin majalisar birni akwai titin Garet da wani tsohon gidan abinci mai wannan suna, inda Jean Moulin yakan ci abinci. Moulin shi ne mutumin da duk wannan labari yake zagayawa a kansa. Tsohon gwamnan lardi ne, gwamnatin Vichy ta sauke shi, ya sulale zuwa Landan ya gana da de Gaulle, sannan aka jeho shi da laima a kudancin Faransa a daren 1 ga Janairun 1942. Aikin da aka ba shi shi ne haɗa kan ƙungiyoyin da ba su yarda da juna ba, ba su kuma son a juya su daga Landan. Abin da ke hannunsa kuɗi ne da hanyar sadarwa ta rediyo, da su ya lallashi wasu ya matsa wa wasu. Ya yi ta yawo a Liyon da sunayen ɓoye, Rex sannan Max, yana kwana a ƙaramin ɗakin haya, sakatarensa kuma wani saurayi ne, Daniel Cordier, wanda bai san ainihin sunan maigidan nasa ba sai bayan mutuwar Moulin. A Janairun 1943 ƙungiyoyin kudu uku suka dunƙule, kuma ranar 27 ga Mayu, a Paris, Moulin ya jagoranci zaman farko na Majalisar Turjiya ta Ƙasa, wadda ta haɗa ƙungiyoyi da jam'iyyu da 'yan ƙwadago a bayan de Gaulle.

Daga nan a miƙe kudu a bi titin République. Kusa da ƙarshensa akwai tsohon ginin jaridar Le Progrès, wadda ta rufe kanta a Nuwambar 1942 don kada ta fito ƙarƙashin ikon Jamusawa, ba ta dawo ba sai bayan 'yanci. Titin yana ɓulla a Bellecour, makeken dandali mai jar ƙasa. A wata kusurwarsa, cikin bangon gini, akwai mutum-mutumin wani ƙato riƙe da garkuwa, ana kiransa Veilleur de pierre. A wurin a da akwai gidan shaƙatawa mai suna Moulin à Vent, matattarar hafsoshin Jamus da 'yan korensu. Bam ya tashi a cikinsa cikin dare, washegari, 27 ga Yulin 1944, aka kwaso mutum biyar daga hannun Gestapo, waɗanda suke tsare tun kafin harin, aka harbe su da tsakar rana a gaban jama'a, aka bar gawarwakin a bakin titi na sa'o'i. Sunayensu Albert Chambonnet, Gilbert Dru, Francis Chirat, Léon Pfeffer da René Bernard. Ba aƙidarsu ɗaya ba, akwai hafsan soja, akwai matasan Katolika, akwai masu ra'ayin kwaminisanci, kuma haka turjiyar take a zahiri.

Tashar jirgin ƙasa ta Perrache tana gaba kaɗan. A gefenta otal ɗin Terminus yake, masaukin Gestapo na farko, inda aka mai da ɗakunan kwana wuraren tuhuma. Ginin yana nan, otal ne har yanzu da wani suna. Daga tashar sai a haye gadar Gallieni zuwa ɗaya gaɓar Rhône, a shiga titin Berthelot. Gini mai lamba 14 makarantar likitocin soja ce, Gestapo suka ƙwace ta a 1943. A ɗakunanta aka riƙa dukan mutane, ana danna kansu cikin bahon ruwan sanyi har sai numfashi ya kusa ɗaukewa, a fito da su a sake tambaya. Jiragen Amurka sun rushe gaban ginin a ruwan bama-baman 26 ga Mayun 1944, harin da aka nufi layukan dogo da shi amma ya kashe mutanen gari fiye da 700. Tun 1992 wurin ya zama gidan tarihin turjiya da kwasar mutane zuwa sansanoni. A ciki akwai injin buga jarida, katunan shaida na jabu, rediyon aika saƙo, da shaidar waɗanda suka tsira. An kuma tsara ɗakin cin abinci irin na zamanin da akwatin rediyo a ciki, domin sauraron BBC daga Landan da sautin ƙasa-ƙasa shi ne matakin farko na bijirewa a gidaje da yawa.

Tazara mafi tsawo a tafiyar ita ce daga Berthelot zuwa kurkukun Montluc, wajen rabin sa'a a ƙafa ta gabas. Wannan hanya ce motocin fursunoni suke bi safe da yamma tsakanin wurin tuhuma da wurin kwana. A kanta ne, ranar 21 ga Oktoban 1943, Lucie Aubrac da wasu 'yan bindiga suka tare motar da ke ɗauke da mijinta Raymond. Tana da ciki a lokacin, ta kuma yaudari wani hafsan Jamus da cewa ita budurwa ce da fursunan ya yi wa ciki, tana roƙon a ɗaura musu aure kafin a kashe shi. Ta haka ta san ranar da za a fito da shi. Suka kuɓutar da shi da sauran waɗanda ke cikin motar.

An gina Montluc a 1921 a matsayin kurkukun soja. Daga Fabrairun 1943 zuwa 24 ga Agustan 1944 kusan mutum 10,000 suka ratsa ta cikinsa. Ɗakunan murabba'in mita huɗu ne, an yi su domin mutum ɗaya, amma a ƙarshe har mutum takwas ake cusawa. Da safe ana kiran suna iri biyu. Wanda aka ce ya fito da kayansa, jirgin ƙasa ne zuwa sansani. Wanda aka ce ya fito ba kaya, shi da abokan ɗakinsa sun san harbi ne. Masanin tarihi Marc Bloch ya zauna a nan kafin a harbe shi ranar 16 ga Yunin 1944. A nan kuma yara Yahudawa 44 da manya 7 da aka kwaso daga gidan renon Izieu ranar 6 ga Afrilun 1944 suka kwana, kuma ba yaro ko ɗaya da ya dawo. Da Jamusawa suka ga ƙarshe ya zo sai suka ƙara ƙaimi: jirgi na ƙarshe ya tashi ranar 11 ga Agusta da mutum wajen 650, aka kashe 109 a filin jirgin sama na Bron, aka kashe kimanin 120 a Saint-Genis-Laval ranar 20 ga wata. Wani fursuna, André Devigny, ya tsere daga nan a Agustan 1943 da igiyar da ya tufka da kansa, abin da Robert Bresson ya mai da fim a 1956. Tun 2010 kurkukun wurin tunawa ne na ƙasa, an maƙala hoto da taƙaitaccen tarihi a ɗakuna da dama. Tarihinsa bai tsaya a 1944 ba. A lokacin yaƙin 'yancin Aljeriya, gwamnatin Faransa ta zartar da hukuncin kisa a nan kan 'yan gwagwarmayar Aljeriya 11, kuma duk mai ziyara ya kamata ya san wannan shafin tare da na farko.

Wurin da aka kama Moulin yana Caluire, arewa da Croix-Rousse, ya fi sauƙi a je a jirgin ƙarƙashin ƙasa sannan a ƙarasa. Bayan kama Janar Charles Delestraint, kwamandan rundunar ɓoye, a Paris ranar 9 ga Yunin 1943, Moulin ya kira taro domin cike gurbinsa. Aka zaɓi gidan likita Frédéric Dugoujon, saboda shige da ficen baƙi a gidan likita ba ya jawo ido. Ranar 21 ga Yuni Moulin ya iso a makare, aka zaunar da shi a ɗakin jiran marasa lafiya da sunan Jacques Martel, jim kaɗan mutanen Barbie suka faɗo. Mutum ɗaya ne ya gudu, René Hardy, wanda ba a ma gayyace shi ba, kuma Gestapo sun taɓa kama shi suka sake shi 'yan kwanaki kafin nan. Kotu ta wanke shi sau biyu, a 1947 da 1950, amma zargin cin amana bai rabu da shi ba. An azabtar da Moulin a Liyon sannan a kusa da Paris, bai faɗi sunan kowa ba, ya mutu ranar 8 ga Yulin 1943 a cikin jirgin da ke kai shi Jamus. A 1964 aka mai da tokar da ake ɗauka tasa ce Panthéon, makwancin manyan Faransa.

Jamusawa sun fasa kusan dukkan gadojin Liyon kafin su fice, kuma ranar 3 ga Satumbar 1944 dakarun cikin gida da runduna ta farko ta Faransa Mai 'Yanci, wadda ke da sojojin Afirka da yawa, suka karɓi garin. Barbie ya sha. Hukumar leƙen asirin sojan Amurka ta ɗauke shi aiki bayan yaƙi, a 1951 ta taimaka masa ya gudu Bolibiya, inda ya zauna da sunan Klaus Altmann. Masu farautar tsofaffin 'yan Nazi, Serge da Beate Klarsfeld, suka bi diddiginsa, a Fabrairun 1983 aka taso ƙeyarsa zuwa Faransa, kuma ministan shari'a Robert Badinter ya sa aka fara kwantar da shi a Montluc. An yi shari'arsa daga 11 ga Mayu zuwa 4 ga Yulin 1987 a tsohuwar kotun da ke bakin Saône, mai ginshiƙai 24 a gabanta, tafiyar 'yan mintuna daga Bellecour. Kamen titin Sainte-Catherine, yaran Izieu da jirgin 11 ga Agusta su ne ƙashin bayan tuhumar. Aka same shi da laifin cin zarafin bil'adama, karo na farko da kotun Faransa ta yanke irin wannan hukunci, aka yi masa ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsare a 1991.

Akwai wuri guda da ƙafa ba ta kaiwa cikin yini, amma labarin bai cika ba sai da shi. Ƙauyen Chasselay yana arewa da Liyon, ƙasa da kilomita ashirin. A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940, bayan an ayyana Liyon a matsayin garin da ba za a kare ba, sojojin Afirka na runduna ta 25 ta waɗanda ake kira sojojin Senegal suka tare Jamusawa a wannan yanki har harsashinsu ya ƙare. Sunan Senegal laƙabi ne kawai, ana ɗibar su ne daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Da suka miƙa wuya, Jamusawa suka ware su daga Turawan da ke tare da su, suka kora su cikin fili, suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. An gina musu maƙabarta mai jar katanga irin ginin ƙasa na Afirka ta Yamma, aka buɗe ta ranar 8 ga Nuwambar 1942, kuma sojojin Afirka 188 ne ke kwance a cikinta, da dama ba a san sunayensu ba. A cikin wannan makon na Yunin 1940, a garin Chartres, hafsoshin Jamus suka kawo wa gwamnan lardi takarda ya sa hannu cewa sojojin Afirka ne suka kashe wasu mata da yara, alhali ruwan bama-bamai ne ya kashe su. Ya ƙi, suka lakaɗa masa duka suka kulle shi, cikin dare ya yanka maƙogwaronsa da fasasshen gilashi don kada azaba ta sa ya sa hannu. Ya rayu da tabo a wuya. Gwamnan shi ne Jean Moulin, kuma wannan ƙin da ya yi ranar 17 ga Yuni, kwana ɗaya kafin de Gaulle ya yi kiran a ci gaba da yaƙi ta rediyon Landan, ana lissafa shi cikin ayyukan farko na turjiyar Faransa.